KUMBON DA ZAI ISA BAYAN NA YI RITAYA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke cikin sauri ya ajiye shi sai dare ya yi. Ina so mu ɗan sauke maganar sauya sheƙa da tsadar taki, mu leƙa can ƙurya, inda hasken rana yake isa da ƙyar. Na san wasu za su ce Malam ya ƙoshi. Ku dai bi ni a hankali, maganar za ta dawo gida.

A watan Afrilun 2022 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoton da take fitarwa duk bayan shekara goma, wanda ke nuna wa hukumar NASA inda ya kamata ta sa gaba wajen binciken duniyoyi. A cikin sababbin manyan ayyuka, wanda suka sa a sahun farko shi ne a ƙera kumbo a tura shi duniyar Yuranus, ya zauna yana kewaya ta na tsawon shekaru, ya kuma jefa wata ƙaramar na'ura cikin iskarta domin ta auno abin da ke ciki. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan dala biliyan 4.2, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ce matatar Dangote ta ci. Lissafin farko shi ne a harba shi a 2031 ko 2032, ya bi ta gefen Mushtari ƙarfin janta ya ƙara masa gudu, ya yi tafiyar kusan shekara 13, ya isa wajen 2044 ko 2045. Yanzu ma lokacin ya fara ja da baya saboda matsalar kuɗi da ƙarancin makamashin da zai riƙe kumbon. Ita ma Sin tana da shirin kumbonta Tianwen-4, wanda za ta harba wajen 2029 zuwa Mushtari, da niyyar wani ɓangarensa ya zarce ya gifta ta Yuranus.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma dokar aiki a bayyane take: shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Ko ta wace hanya na lissafa, ranar da kumbon nan zai aiko hotonsa na farko, in Allah Ya ja kwana, ina layin 'yan fansho. Su ma waɗanda suka zana aikin a Amurka da yawansu haka ne. Sun san ba su za su ci ba, amma sun zauna sun rubuta, sun yi lissafi, suna neman a sa musu a kasafin kuɗi. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Bari mu fara da sanin wuraren. Malamanmu na da sun san duniyoyi biyar da ido ke gani: Uɗarid, Zuhra wadda muke kira Zara, Mirrik, Mushtari da Zuhal. Yuranus da Neftun ba su cikin tsofaffin littattafai, domin sai da madubin hangen nesa aka gane su. William Herschel ya gano Yuranus a Ingila ranar 13 ga Maris 1781, lokacin Shehu Usmanu yana matashi yana yawon wa'azi. Neftun kuwa da alƙalami aka fara gano ta. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Le Verrier, ya lura Yuranus ba ta bin hanyar da lissafi ya ce ta bi, sai ya ce lallai akwai wata duniya a bayanta da ke janta, ya kuma faɗi inda za a duba. Aka duba a birnin Balin ranar 23 ga Satumba 1846, aka same ta. Shekarar ce Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya rasu. Tun daga ranar, sai a 2011 Neftun ta kammala zagaye ɗaya na rana, domin shekararta ɗaya shekara 165 ce tamu. Ta Yuranus 84 ce.

Nisan kuma sai dai a ce Subhanallah. Daga rana zuwa Yuranus kusan kilomita biliyan 2.9 ne, zuwa Neftun biliyan 4.5. Da akwai kwalta, ka hau mota kana gudun 100 ba tsayawa shan mai ba shingen 'yan sanda, sai ka haura shekara 3,000 kafin ka isa ta kusan. Hasken rana da ke iso mu cikin minti 8, yana ɗaukar kusan awa biyu da minti 40 kafin ya isa Yuranus, Neftun kuwa sama da awa huɗu.

Masana suna kiransu manyan duniyoyin ƙanƙara, amma kada sunan ya ruɗe ku, ba irin ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi ba ce. Kowacce faɗinta ya kai ninki huɗu na duniyarmu, ba su da ƙasar da za a taka, kuma cikinsu ruwa ne da amoniya da iskar metan a cakuɗe, cikin zafi da matsi mai tsanani. Metan ɗin ne ke ba su launin shuɗi-shuɗi. Yuranus a kishingiɗe take juyawa, ta karkace da kusan digiri 98, shi ya sa kowane ƙarshenta yake yin shekara 42 cikin rana, sannan shekara 42 cikin dare. A 2018 an tabbatar gajimarenta na ɗauke da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A Neftun kuwa guguwa tana gudun da ya kai kilomita 2,000 a awa ɗaya.

Watanninsu ma abin kallo ne. Mu wata ɗaya gare mu, kuma kun san yadda ake kai ruwa rana a kansa duk jajiberin azumi. Yuranus tana da fiye da 25, Neftun 16. Manyan na Yuranus biyar ne: Miranda, Ariel, Umbriel, Titania da Oberon. Miranda kamar an farfasa shi an sake harhaɗawa, cike da kwazazzabai da tsaunuka masu tsayin kilomitoci. Masana suna zaton wasu daga cikin watannin nan suna ɓoye da teku a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe su, kuma duk inda aka ce ruwa, dole a yi tambayar rai. Babban watan Neftun, Triton, baya-baya yake kewayawa, saɓanin yadda uwar ɗakinsa ke juyawa, abin da ya sa ake ganin baƙo ne da ta kamo daga waje. Sanyinsa ya kai digiri 235 ƙasa da sifiri, amma duk da haka an ga yana feso hayaƙi sama har tsawon kilomita 8.

To duk wannan wa ya gano? Kumbo ɗaya tak ya taɓa zuwa, Voyager 2. Ya gifta Yuranus ranar 24 ga Janairu 1986, ya gifta Neftun ranar 25 ga Agusta 1989, duk a zamanin Babangida. Bai tsaya ba, wucewa ya yi yana ɗaukar hoto. Rabin fuskar watannin Yuranus kawai ya gani, domin ɗaya rabin yana cikin dogon daren nan. Wani bincike da ya fito a ƙarshen 2024 ma ya nuna cewa kumbon ya isa ne a daidai lokacin da wata iska mai ƙarfi daga rana ta matse garkuwar maganaɗisun Yuranus, yanayin da ba kasafai yake faruwa ba. Kamar mutum ne ya ratsa kasuwar Wudil a guje ranar da ba ta ci, ya koma ya rubuta littafi a kanta, aka yi shekara kusan 40 ana karantar da ɗalibai da shi. Shi ya sa ake son kumbon da zai je ya zauna. Ana kuma son ya isa kafin 2050, lokacin da rana za ta haska ɓangarorin biyu. Akwai wani dalilin: cikin dubban duniyoyin da aka gano suna kewaya wasu taurari, masu girma tsakanin tamu da Neftun su ne suka fi yawa. Wanda ya fahimci waɗannan biyun ya samu mabuɗin sauran.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, domin an sha yi mini ita a majalisa: Malam, mutumin da bai ci na rana ba ina ruwansa da Yuranus? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Ina zaune a Ajingi, na san farashin kwanon gero, na san matar da ake ɗauka a babur cikin naƙuda. Ban ce Najeriya ta ɗauki kuɗin magani ta ƙera kumbon Neftun ba. Ko a Amurkar ma ana wannan jayayya, har gwamnatinsu ta nemi a zaftare kusan rabin kuɗin binciken kimiyya na NASA a 2025. Abin da nake so mu ɗauka daga labarin nan hali ne, kuma halin ba ya buƙatar dala biliyan huɗu.

Ku dubi yadda aka yi Voyager. A 1965 wani matashi ɗalibi, Gary Flandro, ya lissafa cewa a ƙarshen shekarun 1970 manyan duniyoyin nan huɗu za su jeru ta yadda kumbo ɗaya zai iya bi ta kansu duka, kuma irin wannan jeri sai bayan shekara 175 yake dawowa. Aka amince da aikin a 1972, aka harba ranar 20 ga Agusta 1977, shekarar da muke bikin FESTAC a Legas. Shugaban masanan aikin, Ed Stone, ya riƙe kujerar daga 1972 har 2022. Shekara 50 a kan fayil ɗaya! Shugabannin Amurka goma suka zo suka same shi, daga Nixon zuwa Biden, jam'iyya ta hau jam'iyya ta sauka, ba wanda ya ce aikin na wancan ne a rufe shi. Ya rasu a 2024, kumbon kuwa har yau yana magana da duniya da na'urar da ƙarfinta bai wuce na ƙwan fitila ba. Wasu daga cikin masu kula da shi yanzu ba a haife su ba lokacin da ya tashi.

Mu kuma fa? Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ciwon. A wani ofis da na taɓa zama, mun shafe wata da watanni muna tattara bayanan rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka: wacce ke aiki, wacce ta lalace, me ya lalace a cikinta, nawa gyaran zai ci. Aka yi canjin shugabanci. Wanda ya zo bai ko buɗe fayil ɗin ba, domin gyaran tsohuwar rijiya ba ya ɗaukar allon suna, ba a yanka kyalle a kansa. Aka haƙa sababbi a gefen matattu. Bayan 'yan shekaru aka sake kafa kwamiti ya tattara bayanan da muka riga muka tattara. Takardar miƙa aiki a wurinmu shafi biyu ce, rabinta lissafin kujeru da fanka. Wannan cutar ce a babba ta bar Ajakuta, da aka aza harsashinta tun ƙarshen shekarun 1970, ba ta zama abin da aka yi mata buri ba har yau.

Kuma wallahi ba a jininmu abin yake ba. Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, manoman Kura da Kadawa da ba su taɓa ganinsa ba suna ci daga gare ta har gobe. A 1977 ɗin nan da Voyager ya tashi, Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ku shiga kowane babban asibiti a Arewa ku tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ku ji amsa. Waɗanda suka kafa makarantun nan kumbo suka harba, kuma ya isa. In muka koma baya, Muhammadu al-Katsinawi ya bar ƙasar Katsina ya je ya yi suna a Masar a fannin lissafi da ilimin taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741, shekara 40 kafin a gano Yuranus. Mu mutanen ƙasar Gaya ma muna da namu: tarihin baka ya ce maƙeran Abagayawa daga nan suka tashi neman tama har suka sauka a Dala. Neman abin da ke bayan tudu gadonmu ne.

A fagen sararin samaniya ma Najeriya ba baƙuwa ba ce. An kafa hukumar NASRDA a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a Disambar 2011. A 2011 ɗin dai aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila. A Disambar 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata, Farfesa Isa Ali Pantami ne ya sa mana hannu. Farawa dai mun iya. Riƙewa ce ke ba mu wuya, domin NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X sun daɗe da wuce shekarun da aka ɗebar musu.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. A can nesa hasken rana ya yi rauni ƙwarai, a Neftun kashi ɗaya ne cikin 900 na wanda muke samu, don haka faranti mai zuƙar hasken rana ba zai yi aiki ba. Kumbon yana rayuwa ne da zafin wani ƙarfe mai suna fulutoniyom, wanda ake samarwa a tukunyar nukiliya, kuma asalin silsilarsa yuraniyom ne. Shi kuwa yuraniyom, Bajamushen da ya gano shi a 1789 sunan duniyar Yuranus ya sa masa, don murnar gano ta shekara takwas kafin nan. Wato ma'adinin da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971, wanda 'yan'uwanmu Hausawa da Buzaye suka ƙare ƙuruciyarsu a raminsa, wanda yau ake takaddama a kansa tsakanin Yamai da Faransa, takwaran waccan duniyar ne. Ƙasarmu ta ba da ƙarfen, wasu suka riƙe ilimin sarrafa shi. A faifan zinaren da Voyager ke ɗauke da shi akwai gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci, babu Hausa.

Shin talaka yana da ƙofar shiga wannan harka? Ku tambayi Senegal. A Agustan 2018 NASA tana buƙatar auna wani dutse da ke can bayan Neftun kafin kumbonta New Horizons ya isa gare shi. Hanyar ita ce a jira dutsen ya gifta gaban wani tauraro, a auna daƙiƙun da haskensa ya ɗauke. Inuwar ta Senegal za ta bi. Aka kawo maduban hangen nesa, aka horar da 'yan ƙasar, aka bazu cikin ƙauyuka da dare aka yi aikin tare. Kumbon ya isa ranar 1 ga Janairu 2019. Sun sake irin aikin a 2020 da 2021, kuma yau akwai dutse a sararin samaniya mai ɗauke da sunan jagoransu, Maram Kaire. Da irin wannan dabarar aka gano zobban Yuranus a 1977. Kafin su akwai Cheick Modibo Diarra na Mali, wanda ya yi aikin lissafa hanyar kumbuna a NASA, ciki har da wanda ya je Mushtari, daga baya ya zama firaministan ƙasarsa. A nan gida muna da Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, 'yar ƙasar Gezawa, masaniyar kimiyyar iska da yanayin sararin samaniya da duniya ta karrama a 2015. Daga Gezawa zuwa Ajingi ai ba tafiyar kumbo ba ce.

Abin da Senegal ta sayar shi ne duhun dare da mutanen da suka iya lissafi. Na farkon muna da shi har ya yi yawa, albarkacin rashin wuta. A 'yan shekarun nan Yuranus tana kusa da taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, kuma a dare maras farin wata lokacin sanyi, in ƙura ta lafa, ƙaramin madubin hangen nesa ya isa ya nuna maka ita. Na biyun ne muke da gibi. Na shiga wata sakandare a yankin nan, ɗakin gwaje-gwajenta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, malamin lissafi ɗaya ne ke zagaya azuzuwa shida. Yaran kuwa kaifi gare su kamar aska. Wata yarinya ta tambaye ni me ya hana wata faɗowa. Tambayar da ta buɗe wa Newton ƙofa ke nan, ita kuma ba ta da wanda zai zauna ya warware mata.

Ku yi lissafin da ni. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare bana yana da shekara shida. A 2045 yana da kusan 26, a 2050 ya ɗan haura 30. Daidai shekarun masu digiri na biyu da na uku da za su zauna gaban kwamfuta suna fassara abin da kumbon zai aiko. NASA kuwa bayanan kumbunanta kyauta take zuba su a intanet, ba ta tambayar fasfo. Ko ɗan Ajingi zai kasance cikin masu karanta su, wannan ba a Washington za a yanke shi ba. A ajin firamaren garinmu za a yanke shi, cikin shekara biyar ko shida masu zuwa. In ma bai taɓa waiwayar Yuranus ba, lissafin da ya koya shi ne zai auna mana ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya hango mana damina, ya gyara mana wutar sola.

Don haka ga roƙona. 'Yan'uwana ma'aikata, mu riƙa rubuta takardar miƙa aiki kamar wanda zai gaje mu ɗanmu ne, mu kuma ƙarasa aikin kirkin da muka tarar ko da sunan wani ne a kan allon. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hali na Gaya da Ajingi, ƙaramin madubin hangen nesa bai kai kuɗin sabon babur ba; a saya wa makaranta ɗaya, a damƙa shi hannun malami mai amana. Jami'ar kimiyya da ke Wudil a ƙofarmu take, a gayyato malamanta su kwana ɗaya da yaranmu suna kallon sama. Masu zaɓe kuma, in ɗan takara ya zo, a tambaye shi malaman lissafi nawa zai ɗauka, da kuma wane aikin wanda ya gabace shi zai ƙarasa. Iyaye, in yarinya ta tambayi abin da ya hana wata faɗowa, kada a ce mata ta cika surutu.

Kakanninmu sun shuka giginya suna sane da cewa jikoki ne za su sha inuwarta. Allah Ya ba mu irin zuciyarsu, Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu ga lokacin da alheri. Malaman kimiyya da ke cikinmu, ina jiran ƙarin bayaninku.

Ajingi, Jihar Kano.